Hoton Kufai: Sana'ar Da Ya Kamata Ɗalibanmu Su Koya Tun Masana'antu Ba Su Ɓace Ba

Duk wanda ya ratsa unguwar Kakuri a Kaduna, ko kuwa Bompai da Sharaɗa da Calawa a Kano, ba ya bukatar a gaya masa cewa an yi wani zamani a ƙasar nan wanda ya wuce. Gaskiya ne akwai masana'antun da har yanzu suke aiki, amma a tsakaninsu ga waɗansu manya-manyan gine-gine nan a tsaye shiru, ƙofofinsu a garƙame, ciyawa ta cinye harabarsu, bututun hayaƙi kuwa ya zama masaukin tsuntsaye. A da, jiniyar waɗannan wurare ita ce agogon unguwa, da ita mata suke sanin lokacin ɗora tukunya, da ita dubban magidanta suke fita kan kekuna tun da asuba. Yau sun zama kufai, kuma kowace damina sai ta tafi da wani abu daga jikinsu, abin da ruwa ya bari kuwa masu sayen tsohon ƙarfe suna nan suna jira.

Abin da muke so mu jawo hankalin masu karatu a kai, musamman ɗalibai da ma'aikatan gwamnati, shi ne wata sana'a wadda ta daɗe da kafuwa a waɗansu ƙasashe, watau ɗaukar hoton masana'antun da aka daina aiki a cikinsu, bisa tsari da ƙa'ida, don ya zama shaida ga na baya. Ba a koyon wannan aiki da ka. Ana koyonsa ne a wurin bita, inda mutane kaɗan za su taru ƙarƙashin gwani, su fita tare, su dawo su baje aikinsu a duba.

Darasi daga duwatsun Birnin Kudu

Mutanen kudancin Jihar Jigawa, daga Birnin Kudu har Gwaram da Zandam, sun fi kowa cancantar fahimtar wannan magana, don kuwa misalinta yana ƙofar gidansu. A jikin duwatsun Birnin Kudu, kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zane-zanen dabbobi da mutanen da suka yi tun zamani mai nisa. Wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi rubutu a kansu cikin shekarun 1950, daga baya gwamnati ta sa su cikin wuraren tarihi na ƙasa. Cikin abin da aka zana har da waɗansu shanu masu dogon ƙaho marasa tozo, irin waɗanda makiyayan wannan yanki ba sa kiwo a yau. Shanun sun tafi, masu zanen sun tafi, ko sunansu ba a sani ba, amma da yake wani ya ɗauki wahalar zana abin da idonsa ya gani, ga mu nan muna ganinsa.

Misali na biyu ya fi kusa da zamaninmu. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, kuma ba a daɗe ba cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Cikin 1930 aka gama shimfiɗa dogon da ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori ya tuƙe a Nguru. Gyaɗar da talakawan lardin Kano suka noma, wanda a lokacin ya haɗa da ƙasashen Birnin Kudu da Gwaram, ita ce aka riƙa jerawa buhu kan buhu har ta zama dala. Sunan Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu cikin 1955, shi ne ya fi fita a wannan ciniki, dala guda kuwa takan ci buhu wajen 15,000. Sai fari ya zo a farkon shekarun 1970, cutar gyaɗa ta biyo baya cikin 1975, hankalin ƙasa kuma ya koma kan man fetur. Kafin a farga dalar gyaɗa ta zama labari. Yaron da aka haifa bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa cikin 1991, da me ya san dalar gyaɗa in ba da hoto ba? To, su ma masana'antun nan haka za su zama, bambancin kawai shi ne su har yanzu akwai sauran abin ɗauka.

Abin da ke neman ɓacewa

Masaƙar Kaduna Textiles, wadda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa tare da kamfanin David Whitehead na Ingila, ta fara aiki cikin 1957, zamanin Sardauna. Bayanta Nortex da Arewa Textiles da United Nigerian Textiles suka biyo cikin shekarun 1960, har Kakuri ta zama cibiyar saƙa ta ƙasar nan. A Kano kuwa an kafa matatsun man gyaɗa, da majemun fata na zamani, da masaƙu, da kamfanonin alewa da na kwanuka da na robobi, har da ma'aikatar haɗa manyan motoci. A Zariya da Funtuwa da Gusau akwai gidajen gurzar auduga.

Dalilan durƙushewarsu sanannu ne. Bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 darajar Naira ta faɗi, kayan gyaran injuna da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Wutar lantarki ta ƙi tsayawa, baƙin man da tukwanen tururi ke sha ya yi wuyar samu. Cikin 1997 aka ɗage hanin shigo da yadi, sa'an nan atamfofin Sin masu araha suka cika kasuwa, ta halal da ta fasa-ƙwauri. Kaduna Textiles ta rufe cikin 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna neman kuɗinsu na sallama. United Nigerian Textiles ita ma ta tsayar da aiki cikin 2007. Masana sun rubuta wannan tarihi da alƙaluma, amma alƙaluma ba za su nuna wa jikokinmu faɗin zauren saƙa ba, ko yadda aka jera injuna, ko allon da aka rubuta sunayen masu aikin dare. Gani ya kori ji.

Yadda waɗansu suka yi

A ƙasar Jamus an yi wani mai hoto, Bernd Becher, da maiɗakinsa Hilla. Tun daga 1959 suka lura cewa ma'adinan kwal da maƙeran ƙarfe na ƙasarsu sun fara rufewa, kuma da zarar an rufe sai a rushe. Suka ɗaura aniyar ɗaukar hotonsu ɗaya bayan ɗaya, suka shafe fiye da shekara 40 suna wannan aiki, a Jamus da Ingila da Faransa da Beljiyam da Amurka. Ƙa'idarsu ba ta sakewa. Sukan jira ranar da gajimare ya rufe rana don kada inuwa ta ɓoye wani sashe na ginin, su tsaya daidai gabansa, su ɗauke shi baƙi da fari, ba ado ba ƙari. Sa'an nan su jera hotunan abu iri ɗaya, misali tankunan ruwa 9 ko 12, a allo guda, yadda mai kallo zai gane inda suka yi kama da inda suka saɓa. Daga 1976 Bernd ya zama malami a makarantar fasaha ta Dusseldorf, inda ɗalibansa irin su Andreas Gursky da Thomas Struth da Candida Höfer suka fito suka shahara a duniya. Irin wannan aiki ya taimaka wajen sauya ra'ayin jama'a game da tsofaffin ma'aikatu, har ta kai ma'adinin kwal na Zollverein, wanda aka rufe cikin 1986, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya cikin 2001.

Kada a ce wannan haƙuri na Turawa ne kaɗai. A nan Nijeriya marigayi J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu cikin 2014, ya fara ɗaukar hoton kitson mata cikin 1968, ya bi shi sannu a hankali har ya tara wajen hoto 1,000, don ya ga waɗansu nau'o'in kitso suna ɓacewa. Tun 1994 kuma ake taron masu hoto na Afirka a Bamako ta ƙasar Mali, a Ikko ma an fara bikin LagosPhoto cikin 2010, kuma a irin waɗannan tarurruka akan shirya bita inda manya ke koya wa na baya. Abin da ya rage shi ne mu ma mu jawo wannan hanya mu ɗora ta kan kufan da ke gabanmu.

Ranar farko ba a taɓa kyamara

Bita mai amfani ba ta son taro. Mutum 10 ko 12 sun isa, da malami guda, da wani dattijo wanda ya taɓa aiki a wurin da za a je. Kwana 5 ko 6 sun wadatar in an tsara su. Ranar farko ta karatu ce da neman izini. Ɗalibai su binciko wanda ya kafa ma'aikatar, da shekarar da ta fara, da abin da take yi, da inda ɗanyen kaya ke shiga da inda gamammen kaya ke fita. Wanda bai san hanyar da auduga ke bi daga dami zuwa zare, daga zare zuwa yadi, daga yadi zuwa rini ba, in ya shiga masaƙa tarin ƙarafa kawai zai gani.

Sa'an nan a tuna cewa kango yana da mai shi. Wata ma'aikatar tana hannun banki, wata tana gaban kotu, wata ta magada ce, wata ta gwamnati. Dole a rubuta takarda a nemi izini, a riƙe amsar a hannu, a kuma gaida maigadi da mai unguwa a yi musu bayani. Tsallake katanga laifi ne a shari'a, kuma yana ɓata wa waɗanda za su zo daga baya. Haka nan a kula da maƙwabtan wurin. A Kakuri, alal misali, akwai ma'aikatar ƙera makamai ta gwamnatin tarayya, irin wannan wuri kuwa ba a juya masa kyamara ko da wasa.

Kiyaye lafiya

Tsohuwar ma'aikata wuri ne mai haɗari, saboda haka malamin bita ya fara zagawa da maigadi tun ɗalibai ba su shiga ba. Ba mai tafiya shi kaɗai, sai bibbiyu. A sa takalmi mai kaurin ƙasa saboda ƙusa da fasasshen gilashi, a riƙe tocila, a rufe hanci. Yawancin gine-ginen wancan zamani an yi musu rufi ko an naɗe bututunsu da asbesto, wanda ƙurarsa ke lahanta huhu, lahanin kuma ba ya bayyana sai bayan shekaru masu yawa, don haka ba a taɓa shi, ba a share shi. A majema da wurin rini akan tarar da durom-durom na sauran magunguna, ba a buɗe su, ba a sunsuna su. Ba a hawa tsani mai tsatsa ko rufin da ya ruɓe, kuma a yi hattara da ramuka da rijiyoyin da ciyawa ta rufe, da macizai, da zumar da ta yi saƙa a cikin injuna. Babu hoton da ya kai ran mutum daraja.

Haske da tsayuwa

Babban abin da ɗalibi zai koya shi ne sanin haske. Ranar tsaka a ƙasarmu tana da kaifi, takan sa rabin gini ya yi fari fat, rabi ya yi baƙi ƙirin, a rasa abin da ke cikin inuwar. Saboda haka hoton waje da sassafe ake yinsa, ko bayan la'asar. Abin da Jamusawan nan suke jira daga gajimare kuwa, mu Allah Ya ba mu shi a lokacin hunturu, sa'ad da hazo ke tace hasken rana ya bazu daidai a kan kome. Sai dai ƙurar hunturu maƙiyiyar kyamara ce, a riƙa rufe ta a jaka, kada kuma a kwance gilashinta a fili.

Na biyu shi ne tsayuwa. In mutum ya tsaya gindin dogon gini ya ɗaga kyamara sama, bangayen za su fito kamar suna rusunawa juna, ginin ya yi kamar zai faɗi baya. Maganin wannan shi ne a ja da baya, ko a sami tudu mai aminci a hau, a riƙe kyamara a miƙe sak, yadda duk layin da magini ya tsayar zai fito a tsaye.

A cikin zaure kuwa duhu ne abokin gaba. Fitilar kyamara ba ta da amfani a ɗakin da ya kai filin ƙwallo faɗi, abin da ke kusa kawai za ta haska. Sai a ɗora kyamara kan maɗori mai ƙafa uku, a bar ma'aunin jin haske, wanda aka rubuta ISO a jikinta, a kan 100 ko 200, a matse ƙofar haske zuwa lamba 8 ko 11 don na kusa da na nesa su fito tangaran, sa'an nan a bar idon kyamara a buɗe daƙiƙa 2, ko 5, ko fiye, gwargwadon duhun wurin. Kada a danna da hannu, a sa agogon kyamara ya danna da kansa don kada ta motsa. Wanda ba shi da babbar kyamara kada ya karaya. Wayar hannu ta zamani za ta yi aiki mai kyau in an kafa ta a wuri guda, an goge idonta, an kuma daina jawo abu daga nesa da yatsa, a taka a matsa kusa da shi.

Kowane wuri a ɗauke shi hawa uku. Na farko daga nesa, yadda za a ga ginin da abin da ke kewaye da shi, hanya ko dogo ko unguwa. Na biyu daga tsaka-tsaki, a nuna zaure guda ko inji guda cikakke, da mutum ko sandar awo a gefe don a gane girmansa. Na uku daga kusa ƙwarai, kamar ɗan farantin ƙarfen da ke jikin inji mai ɗauke da sunan maƙerinsa da garin da aka ƙera shi da shekara, ko sanarwar da aka manna a bango, ko katin shiga aiki da aka yar a ƙasa. Ƙa'ida ita ce ba a gusar da kome don hoto ya yi kyau, ba a kuma fita da kome, ko da ƙusa ce.

Hoto ba suna, rabin shaida ne

Kowane ɗalibi ya riƙe littafi. Duk hoton da ya ɗauka ya rubuta lambarsa, da sunan wurin, da kwanan wata, da inda ya fuskanta, gabas ko yamma, da aikin abin da ya ɗauka. A nan ne amfanin dattijon da aka zo da shi zai fito, don shi ne zai ce wannan injin kaɗi ne, wancan na saƙa, nan ne ofishin biya, can ne muke salla. In ya yarda, a ɗauke shi a inda ya saba tsayawa, a rubuta bayaninsa da bakinsa. In bai yarda ba a ƙyale shi. Masu hoto da yawa a duniya sukan ruɗu da kyan tsatsa da hasken da ke zubowa ta hujin rufi, su manta cewa wurin nan abincin waɗansu ne ya ƙare a cikinsa. Bita ta gari takan cire wa ɗalibi wannan ruɗu tun da wuri.

Kowane maraice a taru a baje aikin yini. Ɗalibi ya zaɓi hoto 10 kacal daga cikin ɗaruruwan da ya ɗauka, ya faɗi dalilin zaɓensa, 'yan'uwansa su faɗi abin da suka gani da abin da ya ɓace musu, gobe ya koma ya gyara. Wannan zama shi ne zuciyar bita, don mutum ba ya ganin ƙeyarsa sai an gaya masa. A rana ta ƙarshe a haɗa aikin kowa ya zama kundi guda, a ajiye shi wuri uku dabam-dabam, a kuma wanke waɗanda suka fi muhimmanci a kan takarda mai kyau, don waya takan ɓace, kwamfuta takan lalace.

Ba sai an je birni ba

Ɗalibin da ke Zandam ko Gwaram kada ya ce wannan magana ta mutanen Kano da Kaduna ce. Masana'antar birni reshe ce, saiwarta tana ƙauye. Ya tambayi dattawan garinsu inda ake awon gyaɗa da auduga a da, da inda sito yake, da inda aka fara kafa injin niƙa, da marinar da aka daina rini a cikinta, da maƙerar da wutarta ta mutu. Wanda ya sami zarafi ya bi tsofaffin tashoshin dogon Nguru ya ga abin da ya saura. Hannun da ya ƙware a kan tsohon sikeli da karofi, shi ne gobe zai iya da babbar masaƙa.

Muna kira ga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda sashenta na zane-zane ya daɗe da yin suna, da Jami'ar Bayero, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da makarantun fasaha na jihohinmu, su sa irin wannan bita cikin ayyukan hutun ɗalibai. Ma'aikatun ciniki da na watsa labarai su sauƙaƙa samun izini, su kuma buɗe tsofaffin hotunan da ke cikin kabad-kabad ɗinsu don a gwama jiya da yau. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da Arewa House da gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, su ne suka dace su karɓi kundayen su adana. Kuɗin da aikin zai ci bai taka kara ya karya ba, amfaninsa kuwa ya wuce na tarihi kaɗai, don duk mai niyyar farfaɗo da masana'antu a ƙasar nan yana bukatar ya ga yadda na farko suka tsara nasu, da kuma halin da sakaci ya jefa su.

Waiwaye adon tafiya ne, in ji masu iya magana, amma sai da abin da za a waiwaya a gani. Kowane wata ana yanka wani inji ana loda shi a mota, ana rushe wani zaure ana yanka filaye. Wanda zai ɗauki hoto ya ɗauka yanzu. Allah Ya ba mu ikon adana abin da magabata suka bari, Ya kuma nuna mana ranar da jiniya za ta sake kaɗawa a waɗannan unguwanni, amin.